Masu Ɗaure Iska Tsakanin Gilashi Biyu

A masana'antun haɗa tagogi na Jamus da Austiriya, takardar oda kan zo da lambobi uku a jere: 4-16-4. Ma'aikacin wurin da ya gani ya san abin da ake so: gilashi mai kaurin milimita 4, sai fili na milimita 16, sai wani gilashin mai milimita 4. Gilasan nan biyu ba shi ya ƙera su ba, sayo su aka yi daga manyan kamfanoni, faifai-faifai masu tsawon mita 6 da faɗin mita 3.21. Abin da ya ƙera da hannunsa, wanda ake biyansa dominsa, shi ne filin nan na tsakiya. Aikinsa ya kulle busasshiyar iska a ciki, ya toshe kowace kafa, ta zauna shekara ashirin ko talatin ba ta sulale ba, danshi kuma bai samu hanyar shiga ba.

Dalilin wannan wahala shi ne gilashi shi kaɗai ba ya tare komai sai ruwan sama da ƙura. Masu gini suna da ma'aunin da suke gwada yawan zafin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya na bango ko taga idan ciki da waje sun bambanta da digiri ɗaya, kuma lambar da ta fi ƙanƙanta ita ta fi kyau. Gilashi ɗaya, irin wanda ke yawancin gidajenmu, yana kan 5.8. Idan aka haɗa biyu da iska a tsakani, sai ya sauko wajen 2.8. Idan aka shafa wa ɗayan azurfa aka cika filin da iskar argon, sai ya koma 1.1. Mai gilashi uku yana kaiwa 0.6 ko 0.7. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa zafin da ke shiga da fita ta tagogi yana cin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na makamashin da gidajen ƙasar ke kashewa wajen ɗumamawa da sanyayawa. Mutumin da ya iya rage wannan ɓarna ba zai rasa abin yi ba.

Hanyoyi uku, magani uku

Zafi yana ratsa taga ta hanya uku, kuma duk abin da ake yi a wannan sana'a amsa ce ga ɗaya daga cikinsu. Hanya ta farko, yana bin jikin abu daga gefe mai zafi zuwa mai sanyi. Gilashi yana miƙa shi da sauri, iskar da ke tsaye cik kuwa ba ta iya miƙa shi sosai, shi ya sa ake raba gilasan biyu da fili. Argon ta fi iskar da muke shaƙa nawa wajen miƙa zafi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ba ta da wari, ba ta kama wuta, kuma tana da araha domin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar duniya ita ce. Akwai kiripton da ta fi ta aiki, amma tsadarta ta sa ba a sa ta sai inda filin ya matse.

Hanya ta biyu, iskar da kanta tana iya ɗaukar zafin ta kai. Idan filin ya yi faɗi, sai iskar da ke jikin gilashi mai ɗumi ta tashi sama, wadda ke jikin mai sanyi ta sauko, su dinga zagayawa suna kwasar zafi daga nan zuwa can. Idan kuma ya yi ƙunci, zafin ya tsallake cikin sauƙi. Milimita 16 ɗin nan ba zaɓin ganin dama ba ne, a wajen nan ne ɓarnar biyu ta fi raguwa.

Hanya ta uku ita ce hucin da abu mai zafi ke fitarwa, wanda ba ya buƙatar iska kafin ya isa inda za shi. Maganinsa shafe ne na azurfa, siriri ƙwarai, wajen nanomita 10, wato sai an jera irinsa dubbai kafin a kai kaurin gashin kai ɗaya. Haske yana ratsa shi, huci kuwa sai ya mayar da shi inda ya fito. Duk wanda ya taɓa fasa filas ɗin shayi ya ga dabarar da idonsa: kwalba biyu, ɗaya cikin ɗaya, fili a tsakani, jikinsu yana ƙyalli. Bambancin kawai, ita taga dole a ga waje ta cikinta.

Daga Toledo zuwa Darmstadt

Tunanin ya daɗe. Tun 1865 wani Ba'amurke, Thomas Stetson, ya yi rajistar dabarar haɗa gilashi biyu a rufe bakinsu, sai dai kayan liƙin da ake da su a lokacin ba su iya riƙe aikin ba. A shekarun 1930 ne wani injiniya mai suna C. D. Haven ya fito da samfurin da kamfanin Libbey-Owens-Ford na birnin Toledo, jihar Ohio, ya shiga sayarwa da sunan Thermopane. A 1959 kamfanin Pilkington na garin St Helens a Ingila ya sanar da sabuwar hanyar yin gilashi: a kwarara narkakken gilashi a kan tafkin narkakkiyar kuza, ya baje da kansa ya fito sumul, kauri ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Kusan duk gilashin taga na duniya yau ta wannan hanya ake yin sa, kuma ita ta sa ya yi arahar da za a iya ninka shi.

Sai tsadar man fetur ta 1973 ta zo ta girgiza Turai da Amurka. Kuɗin ɗumama gida ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatoci suka zuba kuɗi a bincike, cibiyar Lawrence Berkeley ta Kalifoniya ta haɗa kai da masana'antu, a farkon shekarun 1980 shafe mai mayar da huci ya shigo kasuwa. A 1991, a unguwar Kranichstein ta birnin Darmstadt na Jamus, masanin kimiyya Wolfgang Feist da abokan aikinsa suka kammala wani gida mai tagogin gilashi uku wanda kusan ba ya buƙatar ɗumamawa ko a tsakiyar sanyin ƙasar. Tagar gilashi uku da ta zama abin kallo a lokacin, yau ita ce aikin yau da kullum a sababbin gidajen Jamus.

A bakin aiki

Aiki yana farawa a teburin yanka. Kalmar yanka ma ta yi yawa, domin ba a yanka gilashi, tsaga shi ake yi. Ƙaramar taya mai tauri tana bi ta ja siririn layi a fuskarsa, da ɗan mai don layin ya tafi daidai, sannan a ɗaga daga ƙasa ya ɓalle ƙas a kan layin. Mai yanka da hannu ba ya bin layi sau biyu. Wanda ya maimaita ya lalata taya ya kuma lalata bakin. A manyan masana'antu kwamfuta ce ke tsara yadda za a fitar da ƙananan guntaye daga babban faifai don kada a yi asara, amma mutum ne ke ɓallewa, shi ke jin ƙarar da ke nuna baki ya fita lafiya ko ya ɗan tsage. Idan odar ta gilashi mai tauri ce, wanda ake gasawa a zafin da ya haura digiri 600 a sanyaya shi da gaggawa, to duk yanka da huda sai an gama kafin ya shiga tanda. Bayan ya fito, wanda ya sa masa taya zai tashi da tarin tsakuwa.

Gilashin da ke da shafen azurfa yana da nasa ladabin. Ba a taɓa fuskarsa da hannu, ba a ajiye shi ya daɗe a fili domin danshi yana cin azurfar, kuma kafin a haɗa sai an kankare shafen daga bakinsa, faɗin kamar santimita ɗaya a zagaye, don danko ya kama gilashi tsantsa. Daga nan sai injin wanki, da burushi mai laushi da ruwan da aka tace aka cire masa gishiri, saboda ruwan famfo yana barin tabo. Yana fitowa a tsaye sai ya gifta gaban fitilu masu haske da baƙin allo a baya. A nan ma'aikaci yake tsayawa, idonsa a kan faifan, yana neman ƙarzuwa, ɗigon ruwa, zare, ko shatin yatsa. Abin da ya wuce shi a wannan wuri ya shiga ke nan har abada, domin da zarar an rufe babu mai sake goge ciki. Mai gida zai yi shekaru yana kallon babban yatsan wani a tagar falonsa.

A ɗaya ɓangaren ana shirya sandar da za ta raba gilasan. Siririn bututu ne da ake lanƙwasawa ya zama murabba'i daidai girman tagar, a cika cikinsa da wasu ƙananan ƙwayoyi masu shan danshi, kamar gero a ido. Sandar tana da 'yan ƙananan huji ta fuskar ciki, ta nan ƙwayoyin za su tsotse ɗan danshin da ya rage. Su ma ba sa son jira: idan aka buɗe buhunsu aka bar shi a fili, sai su sha danshin ɗaki su ƙoshi tun ba su fara aiki ba. Ma'aikata suna da gwajinsu mai sauƙi, su zuba kaɗan a ruwa. Masu rai suna sa ruwan ya yi zafi nan take, matattu kuwa shiru. Da can da alminiyom ake yin sandar, sai aka gane shi kansa gada ce da zafi ke bi ta baki, yanzu an fi yin ta da roba mai ƙarfi ko siririn baƙin ƙarfe marar tsatsa.

Sannan a zizara baƙin danko mai ɗumi, wanda ake kira butil, a gefe biyu na sandar. Wannan siririn zare shi ne ainihin ƙofar da ke hana argon fita da hana danshi shiga, kuma inda ya fi yankewa shi ne kusurwa. A manna sandar a gilashin farko, a tura su cikin injin matsa, na biyu ya zo ya tsaya kusa, argon ta shigo daga ƙasa tana tura iska sama saboda ta fi ta nauyi, sai injin ya haɗe su. A ƙarshe a cike kwarmin da ke bayan sandar da danko na biyu, mai kauri, wanda shi ke riƙe gilasan kada su rabu. Ƙa'idar Turai ta ce kada gas ɗin da ke sulalewa ya kai kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, kuma akasari ana neman a cika filin zuwa kashi 90. Yawancin masana'antu suna buga sunansu da ranar aiki a jikin sandar, ta yadda bayan shekara goma za a iya leƙawa a san wa za a nema.

Abin da Boston ta koyar

Duk rayuwar wannan taga a bakinta take, kuma masu sana'ar sun koyi haka da tsada. A farkon shekarun 1970 aka gina dogon benen John Hancock a birnin Boston, aka lulluɓe shi da tagogin gilashi biyu guda 10,344, kowace ta haura kilo 200. Tun ba a tare ba suka fara tsagewa suna faɗowa titi, har 'yan sanda suka riƙa rufe hanyoyin da ke kewaye idan iska ta taso. Aka dinga toshe guraben da katako, mutanen gari suka mayar da benen abin ba'a. Da aka bincika, sai aka gano bakin gilasan an haɗa shi ne da dalma, haɗin ya yi tauri har ba ya ba da kai. Gilashin waje yana faɗaɗa da rana ya tsuke da dare, iska tana lanƙwasa shi, bakin kuwa ya ƙi motsi, sai tsaga ta fara daga nan. Duka aka cire su aka sa wasu. Dankon da ake amfani da shi yau yana riƙewa ne yana kuma miƙewa.

Mutuwar yau da kullum ba ta da wannan hayaniya. Wata safiya mai gida zai ga hazo a tagarsa, ya goge ta ciki bai fita ba, ya goge ta waje bai fita ba. Yana tsakiya. Danko ya buɗe a wani wuri, ƙwayoyin sun sha sun ƙoshi, abin da ya rage shi ne a canza. Akwai kuma ƙorafin da ke sa masu sana'ar murmushi: wanda ya sayi taga mai gilashi uku ya kira da sassafe yana faɗa wai raɓa ta kwanta a gilashin ta waje. Wannan shaidar aiki mai kyau ce, domin ɗumin ɗaki bai kai ga gilashin waje ba balle ya busar da raɓar.

Mai kafawa

Rabin sana'ar yana masana'anta, rabi yana wurin gini. Gilashi yana da nauyin kilo biyu da rabi a kowane murabba'in mita na kaurin milimita ɗaya, don haka 4-16-4 mai murabba'in mita ɗaya kilo 20 ne, mai gilashi uku kilo 30, ƙofar baranda kuwa sai mutum biyu ko uku da faifan roba masu tsotsa. Ba a kwantar da shi a mota, a tsaye yake tafiya, da ɗan toshen kwalba tsakanin kowane biyu. A cikin firam, ba a barin sa ya taɓa ƙarfe. Ana ɗora shi a kan wasu 'yan tubalan roba guda biyu da ke ɗauke gilasan duka daidai wa daida. A ƙasan firam akwai huji na fitar ruwa, kuma mai fenti ko mai filasta da ya toshe su ya kashe tagar, domin bakin da ya kwana cikin ruwa ba ya daɗewa.

Firam ɗin kansa abin dubawa ne. Alminiyom yana miƙa zafi fiye da katako ko roba wajen sau dubu, saboda haka gilashi mai tsada a cikin firam ɗin alminiyom tsantsa aikin banza ne da rabi. Firam na ƙwarai an raba shi biyu, na ciki da na waje, an haɗa su da tsirin roba mai tauri don zafi ya rasa gada.

Sai sanin gaba da baya. Masu sana'ar suna ƙirga fuskokin gilashi daga waje zuwa ciki, 1, 2, 3, 4. A ƙasar sanyi ana sa azurfar a fuska ta 3, don zafin rana ya shigo kuma ɗumin ɗaki kada ya fita. A ƙasar zafi, shafen tare rana yana fuska ta 2, don a tare zafin tun daga gilashin waje. Idan takardar da aka manna ta ɓace, akwai tsohuwar dabara: a kunna ashana a gaban tagar, za a ga harshen wuta huɗu a jere a cikin gilashin, wanda launinsa ya saɓa wa sauran shi ne fuskar da ke da shafe.

A Jamus ba a zama mai wannan aiki da kallo kawai. Yaro yana yin shekara uku yana raba mako tsakanin shagon maigidansa da makarantar sana'a, ya ci jarrabawa, idan yana son buɗe nasa wurin ya ƙara karatu ya zama ƙwararre mai lasisi. Akwai makarantun gilashi na musamman a garuruwan Hadamar da Zwiesel, akwai cibiyar gwajin tagogi a Rosenheim, kuma duk shekara biyu masu sana'ar na duniya suna haɗuwa a baje kolin glasstec a Düsseldorf su ga sabon abin da ya fito.

Sababbin kaya

Abin da ke fitowa yana da yawa. A 1989 Richard Collins da abokan aikinsa a Jami'ar Sydney ta Ostireliya suka nuna taga wadda aka zuƙe iskar tsakiyarta gaba ɗaya. Filin bai wuce milimita 0.2 ba, kuma don kada nauyin iskar waje ya haɗe gilasan, an jera wasu 'yan mitsi-mitsin ginshiƙai a tsakani, waɗanda sai an matso ake ganin su kamar ɗige-ɗige. Kamfanin Nippon Sheet Glass na Japan ya fara sayar da ita a shekarun 1990. Siririya ce, tana shiga tsohon firam na katako, shi ya sa masu gyaran tsofaffin gine-ginen tarihi ke son ta.

Akwai kuma aerojel, wanda Samuel Kistler ya fara yi a Amurka a 1931: wani abu mai kama da daskararren hayaƙi, fiye da kashi 90 na jikinsa iska ce da ke ɗaure a cikin ramukan da suka yi ƙanƙantar da ba ta iya motsi. Yana tare zafi fiye da iskar da ke tsaye, amma yana dusashe gani, don haka an fi zuba shi a rufin da ake son haske ya shigo ba tare da an ga sama ba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder, ƙarƙashin Ivan Smalyukh, suka sanar da wani irinsa da aka yi da zaren itace wanda ake gani ta cikinsa tangaran. A Suwidin da Amurka wasu sun cire wa katako sinadarin da ke ba shi launi, suka cika shi da roba har haske yana ratsa shi.

Wani lokaci sabon aikin gyaran tsoho ne. A 2010 aka buɗe ƙaramar masana'anta a cikin benen Empire State na New York, aka dinga ciro tagoginsa 6,514 kaɗan-kaɗan, a raba gilasan, a wanke, a shimfiɗa siririyar leda mai shafe a tsakiya, a cika da gas, a mayar. Fiye da kashi 90 na gilasan da firam ɗin aka sake amfani da su.

Idan ta zo ƙasar rana

A Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, masu aikin alminiyom sun cika gari, tagar luba tana ja da baya, bankuna da otal-otal da manyan shaguna suna tashi da gilashi daga ƙasa har sama. Maginan da suka yi soraye da katanga mai kauri da 'yar taga can sama sun san abin da suke gudu. A watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40, kuma matsalarmu ba irin ta Darmstadt ba ce. Su ɗumi suke so kada ya fita; mu rana muke so kada ta shigo.

A nan ne wanda ya kwafo aikin Turai ido rufe zai kunyata. Gilashi fari guda ɗaya yana barin wajen kashi 85 na zafin rana ya wuce, idan aka ninka shi biyu ba tare da shafe ba, har yanzu kusan kashi 75 yana wucewa. Taga mai murabba'in mita biyu da ke kallon yamma tana iya zuba kusan kilowat ɗaya na zafi a ɗaki da la'asar, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya, ga dizal ga kuɗin wuta. Abin da ke aiki a nan shi ne shafen tare rana, wanda ke barin yawancin haske ya shigo amma ya rage zafin zuwa kashi 30 ko 40. Kusan rabin ƙarfin rana a cikin hucin da ido ba ya gani yake, shi ne shafen ke korewa. Baƙin gilashi da ake yayi kuwa shan zafin yake yi, ya ɗau zafi ya huro wani kaso cikin ɗaki, wani lokaci ma ya tsage idan rabinsa yana rana rabi yana inuwa. Mai madubi yana kore zafi, amma da dare idan an kunna fitila sai abin ya juye, na waje ya ga na ciki sarai, abin da ba kowane magidanci ke sani ba sai an gama biya.

Har hanya tana da tata. Tagar da aka rufe a Legas, a bakin teku, idan aka hau da ita Jos mai tsayin wajen mita 1,200, iskar waje ta yi sauƙi, ta ciki sai ta tura gilasan su kumbura, bakin ya wahala. Masu sana'ar suna magance wannan da siririn bututun daidaita iska, amma sai an gaya musu inda kayan za su.

Saboda haka mai sana'ar kirki, kafin ya faɗi farashi, tambaya yake yi: "Alhaji, ina tagar nan take kallo? Ɗakin nan a rufe zai zauna da na'ura, ko buɗewa za a dinga yi?" Idan ɗaki ne da tagarsa ke buɗe dare da rana don shan iska, gilashi biyu ɓarnar kuɗi ne, gara a yi rumfa. A wannan yanki rana tana bi ta tsakiyar sama, don haka tagar kudu da ta arewa ɗan baranda ya ishe su. Gabas da yamma su ne masu wuya, a rage girmansu ko a dasa musu itace. Labule yana taimakawa, sai dai kafin rana ta isa gare shi ta riga ta shigo ɗaki. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a 2017 ita ma ta nan ta fara, da taƙaita girman tagogi da yi musu inuwa. Inda gilashi biyu mai shafe ke biyan kuɗinsa shi ne inda na'ura ke aiki yini guda: asibiti, ɗakin gwaje-gwaje, otal, ofis. A can yana ƙara da tare ƙurar hunturu da ƙarar janareta, muddin firam ɗin ya rufu ruf.

An ce gani ya kori ji, amma a wannan kasuwa mai saye ba ya ganin abin da ya saya. Argon ba ta da launi, azurfar ba ta nuna kanta, ƙwayoyin shan danshi suna ɓoye a cikin sanda. Ana iya manna gilashi biyu da silikon a bakin titi, su yi kyau ranar biki, damina biyu ta tona asiri. Wanda zai saya ya nemi takardar da ke nuna ma'aunin tare zafi da na tare rana, ya duba hatimi a jikin sandar, ya kunna ashana ya ƙirga, ya kuma nemi garanti a rubuce na shekaru. Matashin da ke aikin alminiyom kuma yana son ya wuce sa'o'insa, ya riga ya iya awo da yanka da kafawa. Abin da ya rage masa shi ne ɗaki mai tsabta marar ƙura, danko na gaskiya, sanin inda rana ke faɗuwa, da ƙarfin halin gaya wa mai kuɗi cewa wannan tagar inuwa take buƙata, ko da hakan zai rage masa ciniki a ranar.